Kofin Baba Kwami

Wata safiya a farkon watan Disamba na shekarar 1969, cikin goman ƙarshe na azumi, ina durƙushe a tsakar gidanmu a Zangon Kumasi ina naɗe kofunan gilashi da tsofaffin jaridu. A gabana akwai babban akwatin katako da Baba Kwami, kafinta daga Anloga, unguwar kafintocin Kumasi, kuma aminin mahaifina, ya haɗa mana. Idan na naɗe kofi sai in miƙa masa, shi kuma ya binne shi cikin dusar katako. Gidan duk a hargitse yake. Gwamnatin Gana ta ba duk baƙon da ba shi da takardar zama mako biyu ya bar ƙasar, mahaifina kuwa mutumin Dogonduci ne ta ƙasar Nijar, ko da yake ya zo Kumasi tun bai yi gemu ba. Da akwatin ya kai rabi sai Baba Kwami ya waiga, ya ga babu kowa sai ni, ya zaro wani kofi mai kauri daga cikin rigarsa, ya naɗe shi a tsohuwar hularsa, ya cusa shi can tsakiya. Na gane kofin nan take, domin shi ne kofin da yake shan giya da shi a gidanmu. Hausar Baba Kwami ba ta san mace ba, kowa "kai" ne a wurinsa. Ya sa yatsa a baki ya ce, "Ladidi, kai ba ka gani komai ba. Baba naka ba ya ci kayan mutum. In ya gani wannan, dole ya dawo ya kawo min."

Sana'ar mahaifina sayar da kofunan gilashi ce a kasuwar Kejetia, kuma a lokacin ban wuce shekara goma ba, amma ni ce 'yar hannun damansa. Da asuba in taya mahaifiyata, Mma, tace koko, in kai ƙosai bakin titi, in tafi makaranta, in dawo in yi layin famfo inda mata ke faɗa da harsuna uku a kan bokiti ɗaya. Da rana, yayin da ƙawayena ke tsalle suna buga wasan ampe a lungu har ƙasa na tashi, ni ina zaune da tsumma ina goge tambulan. Na sha jin haushin wannan, ba zan ɓoye ba. Amma ina son kallon Baba yana gwada kayansa. Zai ɗaga kofi saitin rana ya juya shi, sannan ya ɗan ƙwanƙwasa bakinsa da farce ya kai kunne. Wanda ya yi ƙara siririya mai jan dogon sauti ya wuce, wanda ya yi shiru da wuri yana da tsaga ko da ido bai gan ta ba.

Mafi yawan masu sayen kayansa masu gidajen giya ne, kuma a nan abin dariyar yake. Baba bai taɓa ɗanɗana giya ba, mutum ne da sahun farko ba ya wuce shi a masallaci, amma ya san wane kofi ya dace da wace giya fiye da mashaya. Baba Kwami ne ya koya masa, tun ranar da ya zo gyara masa teburin shago ya tarar yana tallar kofin shayi ga mai gidan giya, ya yi dariya har guduma ta suɓuce masa. Daga nan shi ya zama harshen Baba wajen sanin giya. Dogon kofi mai siririn gindi na farar giya ne, don kumfa ta zauna a sama kamar hula, kada ta baje. Gajere mai faɗin ciki na baƙar giya ne, domin a hankali ake shanta, mai sha yana so ƙamshin ya fara isa hancinsa. Mai kauri da mariƙi, wanda mu yara muke kira mai kunne, na masu aikin ƙarfi ne, don zafin tafin hannu kada ya ɗumama abin da ke ciki. Pito kuwa, giyar dawa da matan arewa ke dafawa, ba ta shiga gilashi sam, ƙwarya ce gidanta. Baba yakan jero waɗannan ga mai saye fuska a ɗaure, kamar mai biya karatu, ni kuma in sunkuyar da kai in danne dariya.

Mma ba ta taɓa sakin jiki da wannan ciniki ba. Takan ce, "Duk kofunan duniya, sai na mashaya ka iya?" Shi kuma ya ce, "Ni gilashi nake sayarwa, Hajjo, abin da aka zuba ciki ba da hannuna aka zuba ba." Haka suke yi kullum, babu mai kayar da wani.

Duk ranar Asabar bayan la'asar Baba Kwami yakan zo da kwalbarsa a naɗe cikin takarda, su zauna a benci ƙarƙashin darbejiyar bayan gida suna dara. Baba na kurɓar shayi a ɗan ƙaramin tambulan, shi kuma yana da mai kunnensa, wanda Baba ya zaɓa masa da kansa ya ba shi kyauta. A gidanmu kofin yake kwana, amma Mma ta kafa masa dokoki. Yana da ƙusarsa daban a bangon waje, yana da sosonsa daban, a bakin kwata ake wanke shi, kuma bai taɓa shiga bahon wanke-wankenmu ba. Ni ce mai wanke shi, in na gama ta sa ni cuɗa hannu da toka har yatsuna su yi fari. Ita kanta ko da yatsa ba ta taɓa shi, in iska ta kayar da shi sai ta sa tsinke a kunnen ta ɗaga. Duk da haka ita ce take ware masa malmalar tuwo mafi girma, ta zuba masa man shanu fiye da na Baba. "Ba mutumin na ƙi ba," in ji ta, "abin da ke cikin kofin na ƙi." Shi ma ya san iyakarsa. Da an ga watan azumi yake daina kawo kwalba, sai dai ya zo ya zauna, in an sha ruwa ya karɓi kokonsa a ƙoƙo.

Shekarar nan ba a gama azumin lafiya ba. Da labarin korar ya zo, da farko manya suka ce ba da mu ake ba, da waɗanda suka zo jiya ake. Mu da aka binne cibiyarmu a Zango, muke jin yaren Twi kamar ruwa, ina za mu? Amma kwana na tafiya gidaje na zama kango. Maƙwabta suka riƙa fitar da gadaje da tukwane bakin hanya suna rabuwa da su yadda ta kama. A aji kullum sai an sami sabon gurbi a benci, malami ya kira suna a yi shiru. Baba ya yi ta zirga-zirgar neman takarda har takalminsa ya tsinke, bai samu ba. Ya raba yawancin kayan shagonsa, amma ya ƙi rabuwa da zaɓaɓɓun kofunansa. Ya ce da su zai fara sabon ciniki kafin abubuwa su lafa, in damina ta wuce mu dawo.

Ranar tafiya tashar Kejetia ta cika ta batse da mutane da ƙunshin kaya, ga kukan yara, ga kiran sunaye. Baba Kwami ya ɗauki akwatin a kansa tun daga gida, ya hana kowa taɓawa, ya hau saman motar da kansa ya ɗaure shi. Da ya sauko suka tsaya shi da Baba suna kallon juna. Daga ƙarshe ya kama hannun Baba da hannu biyu ya ce, "Nante yie, Garba," wato a sauka lafiya. Motar ta tashi, Baba Kwami yana biye da ita da sassarfa har muka sha kwana. Na yi kuka sosai, amma a can ƙasan zuciyata akwai wani ɗan daɗi, don ni kaɗai na san akwai abin da zai dawo da mu.

Hanyar ba ta da daɗin tunawa. Mun yi kwanaki a cunkushe, ƙafar wani a kan cinyar wani, muka yi sallar idi a bakin iyaka cikin kayan da muka baro gida da su. A nan aka sauya mana mota, masu lodi suka riƙa jefo kaya daga sama. Ina kallo akwatinmu ya daki ƙasa da kusurwa, na ji wata ƙara daga ciki. Baba ma ya ji. Ya juya baya kawai. A wannan zaman na iyaka, a kan ƙasa mai sanyi, tari ya kama shi.

A Dogonduci dangin Baba suka ba mu ɗaki ɗaya. Sun yi mana kirki, amma yaran garin suna dariyar Hausata, suna ce mini 'yar Gana, alhali a Gana an ce mini 'yar Nijar. Sai da aka kwana biyu Baba ya sami ƙarfin zuciyar buɗe akwatin. Ya zare ƙusoshin, ya tura hannu cikin dusar, ya fito da fasasshen gilashi. Ya sake turawa, haka. Dogayen nan da gajerun nan da ƙananan tambulan na shayi duk sun zama gutsi-gutsi. Can sai hannunsa ya ci karo da tsohuwar hula. Ya warware ta, ga mai kunne ko ƙwarzane babu. Ya daɗe yana kallonsa, sannan ya dube ni, na sunkuyar da kai na faɗa masa abin da Baba Kwami ya ce. Ya yi dariya, dariyar farko tun barinmu Kumasi, har ta koma tari. Ya ce, "Ɗan banza, ya san ni. To, amana ce, sai na kai masa." Mma ta nemo ƙusa ta kafa a bangon waje, ta sa ni na rataye shi.

Da shekarar 1970 ta kama, tarin ya ƙi sauka. Baba ya rame, mutumin da ke ratsa Kejetia da kwando a ka ya koma sai an tallafe shi zuwa inuwa. Kullum zancensa ɗaya, in an yi girbi za mu koma, zai miƙa wa Kwami kofinsa a gaban darbejiya, ya kuma cinye shi a dara. Wata rana da hantsi, lokacin zafin bazara, ya nemi ruwa. Na kawo masa a ƙoƙo, ya kawar da kai ya ce, "Kawo mini a na Kwami." Na tsaya cak, na dubi Mma, don na san dokarta. Ta ajiye tankaɗen da take yi, ta tashi ta nufi bangon. Ba ta nemi tsinke ba. Da hannunta ta cire kofin, ta sa shi cikin bahon wanke-wankenmu, ta cuɗa shi da toka, ta ɗauraye, ta cika shi da ruwan randa, ta durƙusa ta tallafo kan Baba ya sha. Da ya gama ya ɗan ƙwanƙwasa bakin kofin da farce, kamar yadda ya saba, ya kai kunne. Mai kauri ba ya ƙara, amma ya daɗe yana saurare. Daga ranar da shi ya riƙa shan ruwa da magani da kunu, kuma kofin bai sake komawa ƙusa ba. Baba ya rasu kafin ruwan farko ya sauka.

Sai da na yi aure na haihu sannan ƙafata ta sake taka Kumasi. Na tafi da kofin a naɗe cikin hular nan. Gidanmu yana nan, wasu ne a ciki, an sare darbejiyar an gina shago a wurin. A Anloga na bi rumfa-rumfa ina tambaya, har wani tsohon kafinta ya gane wanda nake nufi. Ya ce Kwami ya daɗe da rasuwa, an kai shi garinsu can bakin teku. Ya ce bayan tafiyarmu, har ƙarshen rayuwarsa a bakin kwalba yake sha, in an miƙa masa kofi sai ya ce nasa na hanya.

Yanzu kowa da kofin roba yake sha, ko ya huda leda da haƙori ya zuƙe ya yar. Babu mai ɗaga kofi saitin rana, babu mai sauraren muryarsa, kuma ban ƙara ganin gidan da ke da ƙusa don kofin baƙo ba. Mai kunne yana cikin kabat ɗina, jikokina suna tsokanata wai me Hajiya take yi da kofin mashaya. Nakan ce musu ba nawa ba ne, ajiya ce. Har yau ina riƙe da amanar mutum biyu, kuma babu wanda zan miƙa wa.