Sunan Mushe Abdu a Bakin Mai Kwalba

Bana shekara goma sha ɗaya ke nan da muka kai yayana Mushe Abdu, kamar yadda muke kiran malamin boko, makwancinsa a nan Damagaram. Ban saba rubutu a jarida ba. Takaici ne ya sa ni, don abin da na gani a gidansa cikin watan nan ya fi ƙarfin in haɗiye.

Yaya malamin kimiyya ne a lise, wato babbar sakandare, kuma akwai darasin da ko mu 'yan gida mun haddace shi dole, saboda har a kan tuwo yana maimaita shi. Ruwan sha, in ji shi, ƙwayar idirojen biyu ne da oksijen ɗaya. Ruwan wanke rauni kuwa, wanda ake sayarwa a farmasi, idirojen biyu ne da oksijen biyu. Ƙwaya ɗaya tak ce bambancin, amma oksijen biyun nan riƙonsu da juna ba ƙarfi, da sun taɓa nama sai su rabu su hau ƙuna. Mukan yi masa dariya mu ce Yaya, bar mu mu ci abinci.

To yanzu wani tsohon ɗalibinsa, Lawali, ya mai da darasin nan jari. Yana ɗura ruwan a ƙananan kwalabe, yana yawo da su daga Zango har kasuwar Mirriya, yana tura murya a waya cewa ruwa ne da aka ƙara wa iskar da muke shaƙa, a ɗiga a kofi a sha, gyambon ciki da hawan jini su kama gabansu. Ya ɗauki rabin farko na darasin ya yar da sauran. Abin da ya fi tayar mini da zuciya, kowane saƙo sai ya rufe da cewa a hannun marigayi Mushe Abdu ya koya. Da Yaya na raye, na tabbata da ƙafa zai taka har Mirriya ya karɓe jakar kwalaben. An ce ƙaramin sani ƙuƙumi ne, amma wannan ba ƙaramin sani ba ne, rashin kunya ne tsagwaronsa.

Ban san abin ya shigo gida ba sai da na je gai da matar Yaya, Hajiya Gambo, na tarar ta rame, tana dafe ƙirji, ga kwalbar a gefen tabarma. Ta ce kwana biyu maƙogwaronta na zafi, amma Lawali ya ce alamar magani na aiki ce. Na fita na sayo ɗanyar hanta wajen mahauci, yadda Yaya kan yi wa 'yan aji, na zuba ruwan a kai a gabanta. Nan take ta hau kumfa tana tsuwa. Na ce mata haka yake yi a cikinta.

Ba ta yi mamaki ba. Ta ce ita ke yanka wa Malam hantar da safe kafin ya tafi aiki, ta san kumfar sarai. Na tambaye ta, to don me?

"Cikin ɗalibansa duka, shi kaɗai ke zuwa ya gaishe ni, ya zauna ya yi mini hirar Malam. In na ƙi saye, ba zai dawo ba."

Yaya ya koyar da mutanen da yau wasunsu likitoci ne, wasu manya a ofis, mota na kai su tana dawo da su. Iliminsa ya yi musu rana. Sunansa kuwa, wanda har yau nauyinsa ya isa ya sa tsohuwa ta sha abin da ta san guba ne, sun bar wa mai kwalba shi kaɗai.

Hajiya ta miƙo mini kwalbar, ta yarda in kai ta likita, amma ta roƙe ni kada in ci mutuncin yaron. Ban yi mata alkawari ba. Ta ce ran Juma'a yake zuwa bayan masallaci. Zai same ni zaune a zaure.