Hotonmu daga sama a filin besbol

Ni ba ɗalibi ba ne. Yadi nake saye a nan ƙasar waje, a titin 'yan yadi na Jalan Tuanku Abdul Rahman, ina turawa Kano, sai dai da ɗaliban nake zama, tunda su ne Hausawan garin. Kowa Dakta, wanda bai gama ba ma Dakta.

Hajiyata ta daɗe tana damuna in turo mata hotona cikin mutane. So take ta ga ɗanta yana hulɗa da manya, kada ya zamana yawon banza nake a ƙasar wasu. Da na ji ƙungiyar ɗaliban za ta ɗauki hoton bayan salla, na fito da shaddar da nake ɓoyo, na sa aka goge ta.

Wani Dakta daga unguwar Danau Kota ne ya sayo diron, ɗan jirgin nan mai ɗaukar hoto daga sama. Ya ce hoton waya ya zama na ƙauye. Ya aro mana filin besbol na unguwarsu, inda yaran gari ke dukan ƙwallo da kulki. A tsakiyar filin akwai ɗan tudu da mai jifa yake tsayawa. Shugaban ƙungiya na ganinsa ya ɗauka don manyan baƙi aka yi shi, ya haye. Tsohon shugaba ya ce ai ya girme shi. Aka tsaya musu cikin rana da Turanci, mu muna narkewa. Daga ƙarshe suka matsu su biyu a kai, gwiwar hannu na zungurar gwiwar hannu. Ni na kutsa har na samu gefen tudun.

Jirgi ya tashi. Mai shi ya hana mu ɗaga kai, wai hakan ya fi kyau. Ya yi ta tura shi sama don layukan filin su fito duka.

Kuma sun fito. Ciyawa shar, farin layi tsaf kamar an ja da zare. Mu kuwa huluna ne kawai a warwatse. Tudun da aka kusa dambe a kansa ko alamarsa babu. Shugaba ya yi ta buɗa hoton da yatsa yana neman kansa, ya nuna wata hula, tsohon shugaba ya ce tasa ce.

Haka na tura gida. Ƙanwata ta kai wa Hajiya, ta duba ta sake dubawa, sannan ta sa aka kira ni.

"Yanzu ashe a gonar mutane kake aiki?"

Na ce, "Hajiya, daktoci ne fa."

"Daktoci cikin rana? Ni zabi na gani. Ka dawo gida, gonar ubanka ba ta fi ƙarfinka ba."

Har yau in an tambaye ta sana'ata, sai ta ce a dai sa ni a addu'a.