Gaisuwar da ta cinye mini kifi

A ƙarshen shekarun casa'in, sana'ata sayen kifi a bakin tafkin Madarumfa, in yi banda, in aika Kano. Tarho ne ke kashe ni. Kafin dillalina ya faɗi farashi, gaisuwa kaɗai ta lashe ribar kwando guda, don ba a afka wa dattijo da zancen kuɗi kamar ɓarawo.

Ƙanena ya dawo daga Yamai da wata tsohuwar ordinatar, wato kwamfuta. Ya ce manhajar cikinta kyauta ce, kira ta intanet kuma kusan a banza yake. Na sai da tunkiyata aka haɗa.

Ranar gwaji damina ce, kwanduna jibge a zaure, kifi ya fara jan danshi, direba yana jiran in ce a loda. Na kira dillalin nawa a Kano, na ce, "Alhaji, ina kwana?" Shiru. Na sake. Sai muryarsa ta iso a makare, tana amsa ta farko. Ina tambayar iyali, shi yana kan gajiya. Duk wanda ya ji shiru sai ya ɗauka an yanke, ya koma sallama.

Ƙanena yana raɗa mini, "Yaya, tsallake, tambayi farashi!"

In tsallake? Mutumin da ya yi ciniki da ubana?

Muna kan "ina labari" layin ya mutu, ya ƙi dawowa. Mota ta wuce Ɗan Issa, garin kan iyaka, ba kayana, kifi ya yi funfuna. Tunkiya ta tafi, jari ya tafi. Abin da na'urar ta sanar da ni kawai, Alhaji lafiya lau, iyalinsa ma haka.