Baba Majo, Wanda Ya Fahimtar da Ni Ciwon Hantata

Muna zuba kankare a saman wani bene a Jadid, da hantsi, wayata ta yi ƙara. Matata Zuwaira ce. Ko sallama ba ta iya yi ba, ta ce, "Baban Nana, Baba Majo ya rasu." Na yi salati, na ajiye cokalin gini, na zauna a kan buhun siminti. Ya yanke jiki ya faɗi ne a ƙofar gida bayan ya dawo daga masallaci, kafin a kai shi asibiti rai ya yi halinsa.

Sunansa na yanka Isufu, mutumin Tasawa ne. Ya daɗe yana aikin jinya a wani asibitin ƙauye a can gida Nijar, inda ake ce wa ma'aikacin jinya Majo, daga nan sunan ya bi shi har Sabha. A nan yana aiki ne a wani kantin magani a Manshiya, yana taya mai kantin, yana kuma yi wa mutanenmu tafinta. Dattijo ne siriri, mai magana a hankali, ba ya miƙa wa mutum magani sai ya tabbatar ya gane abin da zai sha.

Na san shi ne a ranar da ta fi kowace muni a zamana na Libiya. An ce mu yi gwajin jini kafin a ɗauke mu aikin ginin wata gona a wajen Tamanhint, sai nawa ya nuna ciwon hanta, irin wanda ake ce wa B. Likita ya yi bayani da Larabci, abin da na iya tsinta kawai shi ne ba ya warkewa. Lokacin Zuwaira na da tsohon ciki. Na shiga kantin nan, na ce a ba ni kafso mafi ƙarfi.

Baba Majo ya dube ni, ya jawo mini kujera. "Ɗana, mene ne sana'arka?" Na ce magini ne. Ya ce, "To, za ka gane ni da sauri. Kafso na kashe bakteriya ne, ita tana da jikinta, tana ci tana sha. Abin da ke jininka birus ne. Shi ba ya iya haihuwa da kansa. Sai ya shiga cikin hantarka, ya karɓe ma'aikatanta, ya sa su dinga gina masa irinsa, bulo a kan bulo. Maganin da aka yi dominsa kamar jabun bulo ne. In birus ya ɗauka ya ɗora a layi, babu abin da ke zama a kansa. Nan ginin zai tsaya."

Na ce, "Baba, ashe yana kashe shi?" Ya girgiza kai. "Ba zan yi maka ƙarya ba. Hana shi yaɗuwa yake, hantarka ta samu ta huta. Shi ya sa in an ɗora ka a kai, kullum ne. Ranar da ka daina don ka ji sauƙi, zai iya tasowa fiye da da." Bai ba ni ko ƙwaya ɗaya ba ranar. Ya ce ba kowane mai ciwon ke buƙatar maganin ba, likita ne zai duba ya yanke. Washegari ya nemi izinin mai kantin, ya raka ni asibiti da ƙafarsa, ya tsaya yana mayar mini da kowace kalma zuwa Hausa.

Abin da na fi tsoro shi ne faɗa wa Zuwaira. Shi ya zo gidanmu da yamma, ya zauna a tabarma, ya ce mata, "'Yata, mijinki ba abin gudu ba ne. Ku ci a kwano ɗaya. Reza da buroshin haƙori kawai kowa ya riƙe nasa." Aka gwada ta, ba ta ɗauka ba, aka yi mata rigakafi. Da ta haihu, shi ya tsaya sai da aka yi wa jaririyar tata allurar a ranar. Yau jaririyar nan, Nana, na zuwa makarantar allo, lafiyarta ƙalau. Ni kuma gwajina na baya-bayan nan ya nuna birus ɗin ya yi ƙasa har na'ura ba ta ganinsa.

Ba ni kaɗai ba ne. Lokacin sanyi, leburori kan cika kantin da mura suna neman kafso, yana mayar da su da haƙuri yana cewa, "Je ka sha ruwan ɗumi ka kwanta, jikinka ya san aikinsa." Amma in tsoho ne ko mai ciki da zazzaɓi mai zafi, nan take zai tura shi wurin likita. Na ga ranar da wani mai gadi ɗan Damagaram ya ɗaga riga, ƙuraje masu zafin wuta sun yi masa ɗamara a gefe ɗaya. Baba ya ce ƙarambau ɗin yarinta ne ya farka, ya yaba masa da ya zo da wuri. "Wannan magani tare hanya yake yi," in ji shi, "in ka makara, an riga an wuce."

Mun binne shi a nan Sabha bayan azahar, nesa da Tasawa inda ya so ya ƙare kwanansa. A maƙabarta na ga Zabarmawa, Buzaye, Kanawa da Larabawa, kowa da abin da yake tunawa.

Allah ya jiƙan Baba Isufu, ya yafe masa kurakuransa, ya haskaka kabarinsa, ya sa jinyar da ya yi wa bayinsa ta zama masa sanadin Aljanna. Allah ya ba matarsa Inna Hadiza da 'ya'yansa da ke can gida haƙuri da dangana, ya tsaya musu kamar yadda mahaifinsu ya tsaya wa baƙin da bai haifa ba. Mu kuma in tamu ta zo, Allah ya sa mu cika da imani.