Jarkokin Motlatsi

Ranar ƙarshen wata ce, don haka Motlatsi bai fita facin taya ba. Tun sassafe mahaifiyarsa, Mme Nthabiseng, ta hango shi ta taga durƙushe a bakin ƙofa, ya buɗe murfin mitar ruwa yana leƙawa kamar mai duba jinjiri.

A unguwarsu ta Phiri, kowane gida lita dubu shida ake ba shi kyauta a wata. In ta ƙare, mita ta rufe famfo sai an je shago an saya. In kuwa an yi saura, da wata ya kama sauran ya bi iska. Wannan sauran ne ke ci wa Motlatsi rai. Duk wata sai ya matsa wa gidan, wanka da rabin bokiti, ruwan ɗauraya ya zama na wanki na gaba. Ranar ƙarshe kuma ya tatse abin da ya rage.

Da hantsi ya cika jarkoki. Da rana ta take ya koma kan robobin lemo. Mme ta zo ɗora tuwon masara, ta tarar da tukunyarta cike har baki.

"Motlatsi, a tafin hannuna zan tuƙa?"

"Haƙuri, Mme. Haƙƙinmu ne fa."

"Shekara arba'in, ba mata ba ɗa, sai jarka. 'Yar wa za ta kwana a ɗakin da in an juya gado ya ce ɓul?"

Maƙwabcinsu, Ntate Ramaisa, ya leƙo ta katanga. "Ranka ya daɗe, ministan ruwa! A taimaki talaka da kofi ɗaya."

"Naka fa, Ntate? Ka wanke motar da ba ta tashi da shi."

Da yamma mita ta yi ƙas, ta rufe. Motlatsi ya miƙe yana murmushi, ya ci tuwonsa da kabeji. Washegari motar hayar da ya shiga ta kife a hanya. Bai kai asibiti ba.

Mme ta kulle ɗakinsa, ta rataya makullin a wuya, ta ce kada wanda ya taɓa komai. Mako guda gidan na cike da masu gaisuwa. Aka yi ta dafa shayi, aka yanka sa, aka wanke kayan ciki, babu mai tsayawa kan famfo yana harara.

Ranar Asabar aka binne shi. Mme ta dawo daga maƙabarta a motar farko, ta tarar da mata masu girki cirko-cirko. Mita ta rufe. Ga bas huɗu na 'yan rakiyar gawa biye da ita, kuma wanda ya dawo daga binne mutum ba ya shiga gida sai ya wanke hannu a ƙofa. Bahon wankin hannun kuwa ƙayau.

"A ruga shago," in ji ƙaninta Tefo.

"Mai shagon yana cikin bas."

"Ntate Ramaisa, naka fa?"

"Nawa? Tun jiya wankin kayan cikin sanku ya shanye."

Mme ta daɗe riƙe da makullin kafin ta buɗe ɗakin Motlatsi. Jarkoki a ƙarƙashin gado, robobi a kabad bayan riguna, har takalman robansa na damina cike suke. Kowace jarka ya ɗaure mata baki da leda, ɗauri biyu, yadda yake yi.

"Ku ɗiba," ta ce. "Amma rabin kofi kowane mutum. Wanda ya yi ɓarna, ni da shi."

Har limamin coci rabin kofi ya samu, ya ɗago ya dube ta, ta dube shi, ya wuce.

Da sauran aka wanke tufafinsa da barguna kafin a raba, kamar yadda aka saba. Tefo, a matsayinsa na kawu, ya yi rabon: kayan faci ga wani ɗan'uwa, kwat ga wani, takalman roba ya riƙe wa kansa. Ntate Ramaisa ya roƙi jarka biyu, wai ba don komai ba, don mota. Sauran jarkokin suka watsu cikin layin. Guda ɗaya ce Mme ta hana a kwance mata baki, ta mayar da ita ƙarƙashin gado.