Mai Kwaikwayon Yunwa

Ni ban yi nisa a boko ba, a aji huɗu na tsaya. Ɗan abin da na sani game da Italiya daga bakin kakata Iya Dije na ji shi. Ta daɗe tana dafa wa wasu Turawan Italiya masu aikin titi abinci, matar ɗayansu kuma ta iya Hausa kaɗan-kaɗan. Ita ta ba ta labarin, Iya ta mayar da shi nata.

Bayan isha'i muke zagaye murhunta tana gasa rogo a toka. Mu biyar ne jikoki, rogon kuwa bai taɓa kai biyar ba. Sai ta ce, "Ku matso, 'yan banza, yau na ɗan kaman Italiya za ku ji."

Wai tun kafin a san mota aka yi wani mutum a can, ubansa attajiri, uwarsa mai aikin gidan. Bai gaji komai ba sai baki. Shi ke rubuta wasanninsa, shi ke fitowa a cikinsu, kuma kullum ɗan ƙauye yake zama, mayunwaci, matsoraci, mai irin maganar da 'yan birni ke kunyar yi. Manyan gari su ƙoshi da nama, su zauna su yi ta dariya.

Sai aka yi fari. Ya ce yunwar da yake kwaikwayo ta tsufa, sabuwa yake so. Ya ɗauki gurasa guda ya tafi ƙauye, ya tarar da wani manomi zaune a ƙofar bukka. Ya miƙa masa. Manomin na kawo hannu, ya janye. Ya sake miƙawa, ya sake janyewa, yana kallon yadda leɓen mutumin ke rawa, yadda maƙogwaronsa ke hawa da sauka.

A nan Iya takan ciro rogo ta miƙa wa ƙaramarmu Ladi, ta janye. Mu tuntsire da dariya, Ladi ta sa kuka.

Na taɓa tambayarta, "Iya, daga ƙarshe ya ba shi?"

Ta ce, "Kai dai wawa ne. Da ya ba shi ai fuskar ta gyaru. Shi kuwa fuskar ya je nema."

Ya koma birni da gurasarsa ya yi wasan da ba a taɓa gani ba, maigidansa, attajirin da ke ɗauke da nauyinsa, ya ba shi doki. Manomin kuwa ba wanda ya tambayi labarinsa. Iya ba ta cewa ga darasi. Sai ta cinye rogon ta kore mu.

Yanzu ina Guangzhou a ƙasar Sin, gemuna ya fara fari. Ina raka 'yan kasuwa shagunan takalma a titin Zhanxi Lu, ina yi musu tafinta. Wani laoban, mai shago ke nan, ya bar ni ina kwana a ɗakin ajiyarsa, don ina ba shi dariya da kwaikwayon mutanenmu: yadda Bakano ke ciniki, yadda ɗan Zongon Gana ke rantsuwa. Ba don ɗakin nan ba, da tuni na koma gida hannu rabbana.

Bara wani dattijo daga Maraɗi, Malam Isufu, ya dawo da takalman da suka ɓare tun kafin ya sayar, yana so a canza masa. Laoban ya ce meiyou, wato babu. Dattijon ya durƙusa a tsakar shago, ya cire hula yana roƙo. Aikina in fassara. Ko rabin maganarsa ban fassara ba, gemunsa da ke rawa nake kallo.

Washegari na yi wa laoban da ma'aikatansa kwaikwayon dattijon. Na durƙusa, na cire hula, na sa haɓata rawa. Suna cikin dariya na ɗaga kai, sai ga Malam Isufu a bakin ƙofa.

Ya ce, "Ɗana, ka iya. Abu guda ka manta. Ni da na durƙusa, kai nake kallo, ba shi ba."

Ya juya ya tafi.

Da ina yaro na zaci Iya mugun Bature take nuna mana. Yanzu na gane cewa wanda ba shi da abin sayarwa sai ya sayar da fuskar ɗan'uwansa, kuma Iya ta ga wanda ya fi kowa dariya a cikinmu, wato ni.

Laoban yana sa ni in maimaita duk sa'ad da ya yi baƙi. Ina yi. Na ma gyara, yanzu in na durƙusa, wajen da tafinta ke tsayawa nake kallo. Sun ce haka ya fi ban dariya.