Motar Fada

Jiya a unguwar Bab Makka ƙanshin sitaci daga shagon mai guga ya tuna mini tsohuwar nas 'yar Ireland da na yi wa aiki a Aziziyya har ta rasu. Ba ta taɓa shiga ɗakin wanki ba.

Wata rana na ce, "Mama, me ya sa?"

Ta kama hannuna, nata sanyi ƙalau. Ta ce a ƙauyensu maganar fada, limamin cocin Katolika, ita ce doka. Da yayarta ta yi cikin shege, fadan ya zo da baƙar mota ya kai ta gidan sistocin coci, inda 'yan mata ke wanki a kulle.

"Mahaifinmu ne ya buɗe masa ƙofar motar. Ba ta dawo ba."

Allah ya tsare 'ya'yan mutane, ya ba su mai tsaya musu.